Tsagewar Leɓe da Ganɗa

Tsagewar leɓe da ganɗa tawaya ce da ake haihuwar jariri da ita, inda leɓen sama, ko rufin baki, ko duka biyun, ba su gama haɗewa ba tun yana cikin mahaifa. Rufin baki kashi biyu ne: ganɗa mai ƙashi a gaba, da hanɗa mai taushi a baya, inda beli yake rataye. Wata tsagar ƴar tsinka ce kawai a bakin leɓe. Wata kuwa tana hawa har ƙofar hanci, ta ratsa dasashi, ta bi ganɗa har beli, baki da hanci su zama rami guda.

A duniya ana ƙiyasta jariri 1 cikin 700. Adadin ya fi yawa a Asiya, wajen 1 cikin 500, kuma wanda aka saba kawowa ga baƙar fata shi ne 1 cikin 2,500. Wannan na ƙarshe yana bukatar hattara, domin inda ake yawan haihuwa a gida, jaririn da ya kasa shan nono ya rasu kafin suna ba ya shiga lissafin kowa. Tsagewar leɓe ta fi samun maza, ta fi kuma faɗawa gefen hagu. Ta ganɗa ita kaɗai ta fi samun mata.

Yadda take faruwa

Fuskar ɗan tayi tana ginuwa ne daga sassa da ke tahowa su haɗu a tsakiya. Leɓe yana haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7, ganɗa kuma daga mako na 6 zuwa wajen na 12. Ke nan kafin mace ta je awon ciki na farko, wani lokaci kafin ma ta tabbatar tana da juna biyu, al'amarin ya riga ya wuce. Abin da akan ɗora wa uwa, cewa ta fita da dare ta gamu da iska, ko ta kalli kamun wata, ko ta yi wa wani dariya, ba shi da tushe, kuma ya isa a daina faɗa mata shi tana cikin jego.

Bincike ya nuna gado da yanayin renon ciki ne suke haɗuwa. Kimanin kashi 70 cikin 100 na masu tsagewar leɓe ba su da wata tawaya daban. A 2002 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna IRF6 shi ke jawo larurar Van der Woude, wadda ake ganewa da ƴan ramuka a leɓen ƙasa tare da tsagar. A 2009 masu bincike a Jamus suka gano wani muhimmin wuri mai alaƙa da tsagar a kan kuromosom na 8, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Galibin waɗannan ayyuka a kan Turawa da mutanen Asiya aka yi su, har zuwa 2019, da Azeez Butali, ɗan Najeriya da ke jami'ar Iowa a Amurka, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan mutanen Najeriya da Gana da Habasha, suka samo sababbin wurare masu alaƙa da tsagewar ganɗa. Iyayen da suka haifi ɗa guda da ita, yiwuwar ta sake zuwa a haihuwa ta gaba wajen kashi 4 ne cikin 100.

Daga cikin abin da ke ƙara haɗarin akwai shan taba, da ciwon suga tun kafin ɗaukar ciki, da wasu magungunan farfaɗiya irin su Dépakine da Gardénal. Mai farfaɗiya kada ta yanke magani da kanta. Ta ga likita tun tana shirin ɗaukar ciki. Wani bincike na ƙasar Norway a 2007 ya samu cewa shan bitamin ɗin folik asid maikirogiram 400 a rana a farkon ciki ya rage tsagewar leɓe da kashi ɗaya bisa uku, amma bai rage ta ganɗa ita kaɗai ba.

Watannin farko

Idon jama'a a kan leɓe yake, amma abin da ke kashe jaririn yunwa ce. Idan ganɗa a buɗe take, ba ya iya zuƙar nono, abin da ya shiga ma sai ya dawo ta hanci, ya gaji ya yi barci bai ƙoshi ba, uwa kuma a ce nononta ne ba shi da kyau. Dabarar ita ce ta tatsa a kofi mai tsabta, ta zaunar da shi a miƙe, ta ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko bakin kofi, sau da yawa, tana sa shi gyatsa, ana kuma auna nauyinsa a kai a kai. Wannan aiki na uwa da ungozoma shi ne tushen tiyatar, domin ba a sa ramammen jariri barcin aiki. Tsohuwar ƙa'idar likitoci goma uku ce: ya kai mako 10, nauyi fam 10, wato kilo 4 da rabi, ƙarfin jini kuma giram 10.

Akwai jan hankali ga gidajen da ake kiran wanzami ranar suna: kada a cire wa irin wannan jariri beli. Naman wurin likita zai bukace shi wajen ɗinki, kuma beli mai baki biyu wani lokaci alama ce ta tsagar da ta ɓuya ƙarƙashin fatar rufin baki.

Tiyata da abin da ke biyo ta

Ana ɗinke leɓe tsakanin wata 3 da 6. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Ralph Millard, likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Ɗinkin ganɗa ya girme ta: hanyar Bajamushe Bernhard von Langenbeck ta 1861 har yau ana aiki da ita. Lokacin da ya dace a rufe ganɗa an daɗe ana jayayya a kai, saboda jinkiri yana ɓata magana, gaggawa kuma ana tsoron ta tauye girman muƙamuƙin sama. Wani gwaji mai suna TOPS, da aka wallafa a 2023 a kan jarirai 558 a Turai da Kudancin Amurka, ya kwatanta aiki a wata 6 da aiki a wata 12. Da suka kai shekara 5, kashi 8.9 na rukunin farko ne iska ke kuɓuce musu ta hanci in suna magana, a na biyun kuwa kashi 15.

Ɗinki ba shi ne ƙarshe ba. Ruwa yakan taru a cikin kunne ya rage ji. Baƙaƙen da ke son matsin iska a baki, irin su b da t da k da s, sukan fito ta hanci, sai an koya wa yaro. Tsakanin shekara 8 da 11 akan ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu a cike giɓin dasashi don fiƙa ta samu wurin tsira.

A Nijar

A Yamai, asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, yana cikin wuraren da ake wannan tiyata. Ga iyalin da ke Tawa, tafiyar wajen kilomita 550 ce ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, kuma ba sau ɗaya za a yi ta ba. Shi ya sa ake ganin yara ƴan makaranta, har da manya, da tsagar da ba a ɗinke ba. Leɓen babba yana ɗinkuwa lafiya lau. Maganar da ta riga ta kafu ta hanci ita ce ke wuyar gyara.

Ana rikita tsagewar leɓe da cutar noma, wadda ita ma take barin rami a fuska. Noma ba a haihuwa da ita: tana kama yaro mai tamowa, galibi tsakanin shekara 2 da 6, ta fara daga dasashi ta ci kumatu cikin kwanaki, kuma tana bukatar magani nan take.