Wa ke da ta cewa kafin a haƙa yashin mai a Alberta?

A arewacin lardin Alberta na ƙasar Kanada, a yankin Fort McMurray, akwai yashi cakuɗe da kwalta mai kauri wadda ake tacewa ta zama ɗanyen mai. Inda yashin bai yi zurfi ba, sai a sare daji, a kwashe ƙasar sama, a haƙa makeken rami. Kafin a kai ga haka, sai kamfani ya bi ta ƙofa biyu.

Ƙofar farko ta lardi ce, domin ma'adinan a hannun lardi suke. Tun 2013, Hukumar Kula da Makamashi ta Alberta, wato AER, ke duba takardun kamfani: yawan ruwan da zai ɗiba daga kogin Athabasca, inda zai tara gurɓataccen ruwan wanke yashi, da yadda zai gyara ƙasar in ya gama. Ta biyu ta gwamnatin tarayya ce, mai lura da kifi, tsuntsaye masu ƙaura da haƙƙin 'yan asalin ƙasar. Idan aikin babba ne, ɓangarorin biyu kan naɗa kwamiti ɗaya.

Zaman sauraron jama'a ya yi kama da kotu. Ana ba da shaida, lauyoyi na yi wa masanan kamfani tambayoyi, dattawan ƙabilun 'yan asalin ƙasar na bayyana inda suke farauta da kamun kifi. Sai dai a dokar Alberta ba kowa ake bai wa dama ba. Mutum zai rubuta ƙorafi, ya nuna cewa aikin zai iya cutar da shi kai tsaye, sannan hukumar ta yanke ko za a zauna. Wannan sharaɗi yana damuna ƙwarai. Mutumin garin Fort Chipewyan da ke can ƙasan kogin Athabasca yana cin kifinsa, ta yaya zai tabbatar cewa wannan ramin ne ya cuce shi, ba na kusa da shi ba?

Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1982 ya kare haƙƙin ƙabilun, kotun ƙoli kuma ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu. Amma tuntuɓa ba ta ba su ikon hana aikin ba.

A dubi aikin Frontier na kamfanin Teck, wanda aka tsara zai fitar da ganga 260,000 a rana. An yi zaman sauraro a 2018. A Yulin 2019 kwamitin ya amince cewa aikin zai yi mummunar illa ga fadamu, tsofaffin dazuzzuka da garken ɓaunar yankin tafkin Ronald Lake, duk da haka ya ce amfanin jama'a ya rinjaya, kuma doka ta ba shi damar faɗin haka. Saura amincewar majalisar ministocin tarayya. Ana saura 'yan kwanaki ta yanke hukunci, a Fabrairun 2020, kamfanin ya janye buƙatarsa da kansa.