Waiwaye: Yadda kaya suka bar kogi suka hau dogo, daga nan suka koma tirela

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon kogin Misisipi na Amurka zai lura da wani abu, jirgi guda ɗaya ne ɗan madaidaici a baya yana tura wasu manyan akwatunan ƙarfe guda 15 da aka ɗaure su wuri ɗaya da igiyoyin ƙarfe, uku a jere sau biyar, su waɗannan akwatunan ba su da inji ba su da matuƙi, aikinsu kawai su ɗau kaya su yi iyo. Kowanne yana cin tan 1,500, in ka haɗa duka tan 22,500 kenan a tafiya guda. To ka raba wannan da tan 25 da tirela ɗaya ke ɗauka, za ka samu tirela 900, da direbobi 900, da tankunan dizal 900. Lissafin nan shi ne yake sa mutum ya tsaya ya tambayi kansa, in dai haka ruwa yake da sauƙi, me ya sa yawancin kayan da ake dakonsu a cikin ƙasa a kan kwalta suke tafiya?

Sauƙin ruwa dai ba sabon abu ba ne. A Ingila ta ƙarni na 18, dokin da zai ja amalanke mai tan ɗaya ko ƙasa da haka a kan hanyar laka, shi ɗin dai in aka ɗaura masa jirgi a kan ruwa yana tafe a bakin gaɓa zai ja tan 30 ba tare da ya galabaita ba, sabida ruwan ne ke ɗauke da nauyin, shi ja kawai yake. Sinawa sun daɗe da gane wannan. Tun wajen shekara ta 605 sarakunan daular Sui suka sa aka haɗa babban mashigin ruwan nan, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa, da a yau ya tashi daga Beijing zuwa Hangzhou, kusan kilomita 1,800, don a riƙa kwaso hatsi daga kudu ana ciyar da fada da sojoji a arewa. A kan wannan mashigin ne kuma a 984 wani jami'i mai suna Qiao Weiyue ya yi dabarar da har gobe ake amfani da ita wajen hawar da jirgi tudu: ɗaki ne na ruwa mai ƙofa biyu, jirgi ya shiga a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama ya cika ɗakin, jirgin na ɗagawa a hankali kana kallon bangon yana nitsewa, in ruwan ya daidaita da na gaba sai a buɗe masa ya wuce. Gaskiya wannan dabara tana burge ni, babu inji babu komai, nauyin ruwa ne kawai ke aikin.

Turai ta biyo baya. Faransa ta buɗe Canal du Midi a 1681. A Ingila, mashigin Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga ma'adinan Worsley zuwa Manchesta ya karya farashin kwal a garin da kusan rabi, daga nan masu kuɗi suka yi ca, kowa na son haƙa nasa. A Amurka kuma mashigin Erie mai kilomita 584 da aka gama a 1825 ya haɗa kogin Hudson da manyan tafkuna, kuɗin dako tsakanin Buffalo da New York ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma yana daga cikin abin da ya ɗaga New York a kan sauran biranen gaɓar teku.

Sai ga jirgin ƙasa. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Libaful da Manchesta, kuma daga nan labari ya canja. Jirgin da doki ke ja tafiyar ƙafa yake yi, shi kuwa dogo abin da ruwa zai kwana yana yi zai gama shi cikin 'yan awanni, ga shi ba ya daskarewa da sanyi (mashigin Erie rufe shi ake yi duk hunturu), kuma ana iya shimfiɗa shi inda babu ko rafi. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kamfanonin dogo a Ingila sun riƙa sayen mashigan ruwan da ke gogayya da su, kamar yadda kamfanin Great Western Railway ya saye mashigin Kennet and Avon a 1852, kuma wanda ya sayi abokin hamayyarsa ai ba don ya raya shi ya saya ba. Ga kuma ƙunci, yawancin ɗakunan ruwan tsakiyar Ingila faɗinsu bai fi mita 2 da 'yan kai ba, jirgi ba shi da halin girma ya wuce tan 30 ɗin nan, alhali taragon dogo kullum ƙaruwa yake.

Kogin Rhine na Turai shi ne ya nuna cewa ba dole ba ne ruwa ya mutu don dogo ya zo. Ƙasashen da ke bakinsa sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1815, sannan yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta tabbatar da cewa jirgi zai wuce ba tare da an tare shi da kuɗin shiga ba. Aka yi ta yashe kogin ana gyara shi, jiragen suka yi ta girma, har yau jirgi mai tsawon mita 110 yana ɗaukar wajen tan 3,000, kuma Duisburg ta Jamus ta zama tashar jiragen kogi mafi girma a duniya. A 1992 aka gama mashigin da ya haɗa Rhine da Danube, jirgi ya iya tashi daga Rotadam har Baƙin Teku. Ni a ganina bambancin Ingila da Rhine ba na ruwa ba ne, na shawara ne, wasu sun zuba kuɗi sun faɗaɗa, wasu sun bari ya lalace.

Wanda ya zo ya yi wa ruwa da dogo illa gaba ɗaya shi ne mota. Bayan yaƙin duniya na ɗaya an sayar da rarar motocin soja da araha, tsofaffin sojojin da suka koyi tuƙi suka shiga dako. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka ratsa jihohin Amurka, a shekarar ce kuma Malcom McLean, wanda shi kansa asalinsa mai tireloli ne, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Tirela ba ta fi kowa araha ba, ko kusa, abin da take da shi shi ne tana zuwa ƙofar masana'anta ta ɗauka ta kai ƙofar sito ta sauke, lodi ɗaya saukewa ɗaya. Shi kuwa kayan ruwa sai mota ta kawo shi tasha, a ɗaga a zuba a jirgi, a can ma a ɗaga a mayar kan wata motar, kuma kowane ɗagawa kuɗi ne, lokaci ne, ga fargabar fashewa ko ɓacewa. In tafiyar gajera ce wannan lodi da sauke shi ke cinye duk ribar da ruwa ya tara, shi ya sa ruwa bai cin nasara sai kaya na da nauyi, hanya na da nisa, mai kayan kuma ba ya sauri: kwal, tama, yashi, taki, man fetur, hatsi. A Tarayyar Turai yau kusan kashi uku cikin huɗu na dakon cikin ƙasa a titi yake, ruwa bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba, amma a Holan da koguna suka ratsa ko'ina rabonsa ya kai wajen kashi 40.

Masu kare ruwa ma suna da inda suke zuzutawa, ya kamata a faɗa. Kogi ba ya tafiya miƙe, lanƙwasa yake, sai ka ga nisan ya fi na dogo tsawo sosai, kuma dogo mai amfani da lantarki ba ya bayan jirgin ruwa da nisa wajen tsimin makamashi da ƙarancin hayaƙi. Sannan hanyar ruwa ba kyauta ba ce, yasa da gyaran ƙofofi kuɗin gwamnati ne, kamar dai yadda kwaltar da tirela ke farfasawa kuɗin jama'a ce. A saman Misisipi yawancin ɗakunan ruwan tun shekarun 1930 aka gina su, tsawonsu mita 183, ayarin akwatuna 15 ɗin nan kuwa ya kusa ninka haka, dole ma'aikata su kwance igiyoyi su raba shi biyu, a wuce da rabi a dawo a ɗauki rabi a sake ɗaurewa, ana yi sauran ayari na layi suna jira.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ruwan kansa. A 2018 fari ya sa Rhine ya ja baya sosai a garin Kaub na Jamus, wurin da matuƙa ke duba ma'auninsa kafin su san nawa za su loda, jirage suka koma ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na kayansu ko ƙasa da haka don kada cikinsu ya taɓa ƙasa, har kamfanin sinadarai na BASF ya rage aiki a masana'antarsa ta Ludwigshafen. A 2022 abin ya maimaita, a Rhine da Misisipi duka, na Amurka ma daidai lokacin kaka da manoma ke son fitar da masara da waken soya, akwatuna suka yi ta kafewa a yashi. A Jamus sai da gwamnati ta ba jiragen ƙasa masu ɗauke da kwal da mai fifiko a kan layi, don tireloli da direbobin da za su maye gurbin kogin babu su.

Duk da haka ba a juya wa ruwa baya ba. BASF ya sa an ƙera masa jirgi na musamman mai iya wucewa ko ruwa ya yi ƙasa, Indiya ta yi doka a 2016 ta ayyana hanyoyin ruwa 111 a matsayin na ƙasa, Faransa kuma tana haƙa sabon mashigin Seine-Nord mai kilomita 107 da zai haɗa kogin Seine da hanyoyin ruwan Beljiyam da Holan, an tsara shi ne don jirage masu ɗaukar har tan 4,400, a yankin da yanzu tireloli ne suka cika babban titin da ya tashi daga Paris zuwa Lille.