Adana Tsofaffin Rubuce-rubuce da Kayan Tarihi a Kwamfuta a Karkarar Kano da Jigawa

Adana kayan tarihi a kwamfuta shi ne ɗaukar hoto ko sautin tsofaffin takardu da kaset-kaset da zane-zanen duwatsu, a rubuta bayanin kowane ɗaya, a ajiye kwafinsu a wurare fiye da ɗaya, sannan a buɗa wa masu bukata hanyar ganinsu bisa sharaɗin masu kayan. A karkarar Kano da masarautun Jigawa biyar, wato Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, mafi yawan irin waɗannan kaya ba a gidan tarihi suke ba. Suna cikin gafaka da adaka a gidajen malamai da limamai da alƙalai da hakimai, kuma magada ne ke riƙe da su. Saboda haka aikin a nan ya bambanta da na babban ɗakin karatu: kayan aiki ne ke zuwa wurin takarda, takardar kuma ta kwana a gidanta.

Abin da ake adanawa

Kaso mafi girma rubutun hannu ne: Alƙur'anai da alarammomi suka rubuta da ka a riwayar Warshu, littattafan fiƙihu da nahawu da tauhidi da aka kwafa, waƙoƙin wa'azi da na yabo cikin ajami, wasiƙun sarauta, takardun rabon gado da na cinikin gona, da kundayen malamai. Galibinsu warwara ne, ba a ɗinke ba, ana haɗa su tsakanin tadarishi a zura a gafaka. Da yawa daga takardun ƙarni na 19 na ɗauke da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, wanda ba a gani sai an ɗaga ta ga haske. Irin wannan takarda daga masana'antun arewacin Italiya take, ta iso ta hanyar fataken Sahara, kuma tambarin na taimakawa wajen ƙiyasta shekarun rubutun da ba shi da kwanan wata.

Bayan takardu akwai kaset-kaset na tafsiri da waƙoƙin fada da na noma, da tsofaffin hotuna, da kuma abin da ba a iya ɗagawa daga inda yake, kamar zanen shanu da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Maƙiyan takarda sanannu ne: gara, ɓera, yoyon soro da damina, hunhuna, gobara, da ambaliya irin wadda ta ci garuruwan bakin kogin Haɗeja a 2022. Sai dai rabon gado ya fi su duka saurin watsa tarin littattafai, domin littafin warwara kan rabu gida biyu ko uku, kowane magaji ya tafi da wasu ganyaye don neman albarka.

Ayyukan da suka gabata

Tattara rubuce-rubucen Arewa ba sabon abu ba ne. Shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara tara takardu da ɗaukarsu a ƙaramin fim tun shekarun 1960, aka kuma kafa Arewa House a Kaduna a 1970. A Kano akwai tarin Jami'ar Bayero, da na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha da ke Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama. Wasu tarin kuwa sun ƙetare: littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano da ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Wannan tarihi ne ya sa masu takardu a ƙauye ke ɗari-ɗari da duk baƙon da ya ce a kawo ya gani, kuma ba za a ga laifinsu ba. Shirin ceto takardu na British Library, babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya ɗauki ƙa'idar cewa takardun asali ba sa barin ƙasarsu, kwafi ne kawai ke tafiya. Ita ce ƙa'idar da ta fi dacewa da karkara.

Izini kafin kyamara

Ana shiga gari ta hannun hakimi ko dagaci da limamin gari, amma izinin da ke aiki shi ne na mai takarda. Idan gado ne da ba a raba ba, amincewar babban wa shi kaɗai ba ta wadatarwa. Ana rubuta yarjejeniya da Hausa, da boko da ajami in da hali, a karanta ta a gaban shaidu. Ta faɗi abin da za a ɗauka, inda kwafi zai zauna, wanda zai iya gani, da cewa gidan zai karɓi nasa kwafin.

A nan ne ake raba kayan gida uku: na kowa da kowa, na mai bincike da ya nemi izini, da na rufe. Kundin malam mai laƙani da hatimi, da takardun shari'a masu ambaton asalin bauta ko rigimar gona ko saki, kusan kullum a kaso na biyu ko na uku suke faɗawa. Wajibi ne a bayyana wa mai kaya cewa abin da aka sa a intanet da lasisin kowa ya ɗauka, kamar a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, ba ya janyuwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, don haka waƙar malamin da ya rasu a 1980 tana da masu ita har yanzu. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta shafi duk takardar da ke ambaton rayayyu.

Ɗaukar hoto

Kayan aiki ba su da yawa: kyamara mai aƙalla megafiksel 20 da ake kafawa a sanda tana kallon ƙasa, fitilun LED biyu, baƙin ƙyalle marar sheƙi, ƙaramar rula da katin launuka, burushi mai laushi, kwamfutar tafi-da-gidanka, faifan ajiya biyu, da sola da batir. Janareta na kawo girgiza da hayaƙi da wuta mai hawa da sauka, don haka in dole ne a ajiye shi nesa, a yi caji kawai da shi. Sikana mai murfi ba ta dace da tsohuwar takarda ba, musamman mai tawadar yambari, domin ƙarfen da ke cikin wannan tawada kan ci takarda a bisa layin rubutu, danna ta kaɗan sai haruffa su zube.

Ana aiki a zaure ko ɗakin da aka rufe tagoginsa, don hasken rana na canza launi daga hantsi zuwa la'asar. A sa fitilu dama da hagu, kowace a karkace da kusurwa 45, a daidaita kyamara ta zama sambal da takarda, a sa ISO, wato ma'aunin jin haske na kyamara, a 100 da buɗin idonta wajen f/8, a riƙa latsawa daga kwamfuta ko rimot don kada hannu ya girgiza ta. Mizanin da aka saba shi ne aƙalla ɗigo 300 a kowane inci na ainihin girman takardar. Rula da katin launi su fito a gefen hoton. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, wadda ke rage ji har a yage gefe ba a sani ba.

Babban haɗarin littafin warwara shi ne hargitsewar ganye. Ƙa'ida ita ce a ɗauka yadda aka same shi, gaba da baya, har da shafukan da babu rubutu da tadarishi da gafakar kanta. Kada a ce za a gyara jeri a wurin. Magabata kan rubuta kalmar farko ta ganye mai zuwa a ƙasan bayan ganyen da ya gabata, kuma da wannan kalma ce malami zai jera hotuna daga baya a kwamfuta ba tare da an taɓa asali ba. Ba a liƙa salatif, ba a lamineshin, ba a fesa maganin ƙwari a kan takarda. Mai hunhuna a ware ta, a bar ta ta bushe a inuwa, a share da burushi a waje da takunkumi a hanci. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala: a rufe kyamara da zarar an tsaya, a guji sauya gilashinta a fili.

Kaset ana juya shi ne da rikoda mai lafiya da aka goge kanta, a ɗauki sautin a tsarin WAV, ba MP3 ba. Zanen dutse ana ɗaukarsa da rula a gefe da lambar GPS, kuma ba a jiƙa shi da ruwa ko bin sa da alli don ya fito, domin hakan na lalata launin.

Suna da bayani

Hoto dubu goma marasa suna kamar hatsi ne da aka zuba a rumbu ɗaya ba a raba gero da dawa ba. Kowane fayil na bukatar suna mai tsari, misali JG_RNG_003_012_045a: jiha, ƙaramar hukuma, lambar gida, lambar littafi, ganye na 45, fuskar gaba. Ba a sa ɓ ko ɗ ko ƙ ko tazara a sunan fayil, domin wasu manhajoji kan juya su zuwa alamomin banza. A cikin bayani kuwa dole a rubuta su daidai.

Bayanin kowane littafi ya ƙunshi sunansa, mawallafi, wanda ya kwafa, harshe, fanni, yawan ganye, tsawo da faɗi a santimita, irin tawada da rubutu, kalmomin farko da na ƙarshe, halin da yake ciki, da matsayin izininsa. Tsarin Dublin Core, wato daidaitaccen fom na bayanin kayan ɗakin karatu mai gurabe 15, ya isa, kuma ana iya cika shi a teburin Excel. Wannan mataki ya fi ɗaukar hoto cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma shi ne ake yawan tsallakewa idan kuɗin aiki ya ƙare. Ba ya yiwuwa sai da malamin da ya karanci littattafan a zaure. Mai kwamfuta shi kaɗai zai rikita mawallafi da mai kwafi, ko ya ɗauki littattafai uku da ke gafaka ɗaya a matsayin ɗaya.

Kwanan wata wuri ne na tuntuɓe. Mawaƙa da masu kwafi kan ba da shekara da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, kuma lissafin da ake bi a ƙasar Hausa na Magariba ne, inda shinun ke tsaya wa 1000, sinun 300, sadi 60. A lissafin Gabas shinun 300 ne. Wanda ya yi amfani da teburin Gabas zai mai da rubutun ƙarni na 13 na Hijira ya koma ɗaruruwan shekaru baya. A rubuta ramzin yadda yake, sannan shekarar Hijira, sannan ta Miladiyya.

Ajiya

Shafi mai girman A4 a ɗigo 300 cikin tsarin TIFF, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, yana cin kimanin megabayit 25. Alƙur'ani mai ganye 500 hoto 1000 ke nan, wajen gigabayit 25. Awa ɗaya ta sauti mai inganci mafi girma tana kai gigabayit 2. Waɗannan su ne uwar kwafi, ba a gyara su, ba a yanke su. Daga gare su ake fitar da ƙananan JPEG da PDF don amfanin yau da kullum.

Ƙa'idar ajiya ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. Faifai biyu a jaka ɗaya kwafi ɗaya ne a wurin ɓarawo da ambaliya. Filasha da memori ba ma'ajiya ba ce, suna iya zubar da abin da ke cikinsu idan suka daɗe a zafi ba a kunna ba, kuma su ne ke kwaso ƙwayar cutar kwamfuta daga shagunan tura waƙoƙi. Ana lissafa wa kowane fayil lambar tantancewa irin SHA-256 ranar da aka ɗauke shi, a riƙa sake gwadawa kamar sau biyu a shekara. Idan lambar ta canza, fayil ya lalace, sai a maye shi daga wani kwafin. Faifai kuma a sauya shi bayan shekara huɗu zuwa biyar ko da bai nuna alamar ciwo ba. Wannan ɗawainiya ce ta sa ya kamata tun farko a samu jami'a ko hukumar tarihi da ta amince a rubuce za ta riƙe kwafi bayan masu aikin sun watse.

Isa ga masu karatu

Shafin intanet da aka gina da manhaja irin Omeka, ko wanda ke bin tsarin IIIF mai ba da damar zuƙo hoto, yana amfanar mai bincike a Zariya ko Alƙahira. Almajiri a Auyo ko Ɗambatta kuwa ƙaramar waya gare shi da data ta kwana ɗaya. Don haka ake yin kwafi mara nauyi, shafi bai wuce kilobayit 300 ba, a haɗa littafi guda a PDF da zai shiga WhatsApp ko memori, da lambar littafin da sunan tarin a shafin farko don kada ya yi ta yawo babu asali. Gidan da ya ba da takarda a buga masa kwafi a takarda, wanda ɗalibai za su riƙa ja, asali ya huta a gafaka.

Binciken kalma a cikin hotunan ajami bai samu ba tukuna yadda ya samu ga boko, domin manhajojin gane rubutu ba su ƙware a hannun Kano da na Barno ba. Mafita ita ce a buga sunan littafi da baitocin farko da hannu, cikin ajami da boko duka. Tsarin Unicode, wanda kwamfuta da waya ke gane haruffa da shi, ya ƙara haruffan fa da ƙaf da nun irin na Warshu a 2016, kuma akwai fon, wato samfurin haruffan kwamfuta, na kyauta mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta ƙera bisa salon rubutun Kano. A boko a shigar da sunan gari ta fuska biyu, Haɗeja da Hadejia, Ɓaɓura da Babura, domin mai nema da wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa ya samu abin da yake nema.