Fita dawa a arewacin Kamaru: tambayoyin da aka fi yi mini kafin a ɗaure jaka

Duk shekara in sanyi ya fara shigowa Garwa, sai hirar majalisarmu ta Yelwa ta koma kan yawon buɗe ido. Wani ya ga hoton duwatsun Rumsiki a wayar abokinsa, wani kuma ɗansa ya dame shi sai ya ga giwa. Da yake na ɗan taka wasu wuraren, ni ake tarewa da tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wane lokaci ne ya fi dacewa a fita?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta riga kowace, amma yawanci sai an gama lissafin kuɗi ake tuna ta. A ƙasar nan yanayi ne ke zaɓa maka inda za ka. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce a yankin Garwa, hanyoyin cikin gandun daji suna komawa taɓo, mayo, wato rafi, ya cika ya raba ka da inda ka nufa, ciyawa kuma ta fi mutum tsayi. Ko zaki na kwance taku goma daga gabanka ba za ka gan shi ba. Shi ya sa harkar gandun daji ta rani ce, daga wajen Disamba zuwa farkon saukar ruwa.

A cikin ranin ma akwai zaɓi biyu da ba sa haɗuwa. Mai son hawa dutse da doguwar tafiya a ƙafa, nasa lokacin Disamba ne da Janairu, sa'ad da safiya ke da sanyi, jiki bai saurin gajiya. Illarsa hazo. Na taɓa kwana biyu a kan tudu ina jiran ƙura ta lafa, ban ga komai ba sai farin sama. Mai son ganin dabbobi kuwa, sai ya jure zafi. A Maris da Afrilu an ƙone ciyawa, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro bakin kogi. Lokacin ne kuma zafin Garwa ke haura digiri 40. In mutum ɗaya yana son duka biyun, ni Fabrairu nake nuna masa. A duba kuma inda azumi ya faɗo a shekarar, don hawa dutse da ƙishin azumi ba jarumta ba ce.

Ban taɓa irin wannan fita ba. Ina zan fara?

Fara da inda za ka je ka dawo ka kwana a gidanka. Dutsen Tingilin yana nan arewa da Garwa, kullum muna ganinsa daga gari, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa hawansa. Ka tashi bayan asuba, ka hau, ka sauko kafin rana ta take. A nan za ka san ko takalminka na cizo, ko gwiwarka na ɗaukarka, da yawan ruwan da cikinka ke nema.

In wannan ya yi daɗi, sai kwazazzabon Kola kusa da Gidar, inda Mayo Luti ya sassaƙe dutse mai ratsin fari da baƙi har ya zama lunguna masu zurfi. Da rani ake shiga ciki a ƙafa. Da damina ruwa ne ya mallake shi. Ko kuma Lagdo, madatsar da 'yan Sin suka gina aka gama a 1982: ka hau kwalekwale, ka ci gasasshen kifi, ka dawo da yamma. Kada dai ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton madatsar ko gada ko soja ba tare da izini ba.

Gandun daji huɗu ake ta ambata. Wanne ya fi?

Ga mutumin Garwa ko Ngaundere, gandun Binuwai ya fi sauƙin kaiwa, don yana gefen babbar hanyar da ta haɗa garuruwan biyu. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,800 ne, an mai da shi gandun ƙasa a 1968. Abin da ba ka rasawa a can dorina ce da kada a bakin kogi, da mariya, da gwaggon biri, da mugun dawa. Masaukin Buffle Noir yana kan gaɓar kogin, amma a buga waya a tabbatar da halin da ɗakuna da ruwa suke kafin a kama hanya.

Buba Njida, can wajen Cholire a ƙasar Rai Buba, ya fi shi girma, murabba'in kilomita 2,200, kuma a ganina ya fi shi kyau. Can ne ake samun ƙatuwar dabbar nan dangin gwanki da masu farauta ke kira élan de Derby. Sai dai gandun ya sha wuya: a farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shigo daga ƙetare suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Faro, wajen Poli, shi ne mafi faɗi, kuma mafi wahalar hanya. Ba na tura sabon shiga can.

Waza kuwa, a da shi ne sarki. Fili ne shimfiɗaɗɗe, kana hango raƙumin dawa da jimina tun daga nesa. Maganarsa tana cikin amsa ta gaba.

Abu ɗaya nake so a cire daga rai: gandun daji ba gidan zu ba ne. Kana iya yini uku ba ka ga zaki ba. Wanda ya je don zaki kaɗai zai dawo yana cewa an cuce shi.

To batun tsaro fa? Iyayenmu ba sa yarda.

Iyayenku ba su yi laifi ba. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza, kuma tun daga lokacin harkar baƙi a yankin Arewa Mai Nisa ta durƙushe. Hanyar Mora zuwa Waza zuwa Kusiri da ƙauyukan bakin iyakar Najeriya a duwatsun Mandara ba wuraren da ake zuwa da ka ba ne. Rumsiki tana da tazarar kilomita hamsin da 'yan kai daga Mokolo, dab da iyaka, don haka duk mai sha'awarta sai ya tambayi mutanen Mokolo da jandarmomi a makon da zai tafi, ba labarin bara ba. A kudu kuma, wajen Tuboro da wasu sassan Mayo Rai, matsalar zargina ce, wato 'yan fashin hanya, da masu satar mutane don kuɗin fansa.

Dokokina uku ne, kuma ban taɓa karya su na ji daɗi ba. Ba tafiyar dare. Ba a sanar da hanya da rana a Facebook sai an dawo. In an isa ƙauye, a fara gaida jauro ko lawan, wato mai garin, kafin a sauke kaya. Wannan gaisuwar ba al'ada ce kawai ba: daga lokacin ka zama baƙonsa, kuma shi zai gaya maka wace hanya ce ba a bi a kwanakin.

Dole ne sai da ɗan jagora? Ai akwai taswira a waya.

A gandun daji ba zaɓi ba ne, ma'aikatar kula da gandun daji ba ta barin mota ta shiga sai da ma'aikacinta ko mai bin sawu. A kan dutse babu mai tilasta ka, kuma nan ne mutane ke cutar kansu.

Mu ma mun yi. Wata shekara mu biyar muka ce ba za mu biya yaron ƙauye ba, tunda ga ƙololuwar muna gani da idonmu. Hawa bai ba mu wuya ba. Wajen saukowa ne kowane kwari ya zama kamar ɗan'uwansa, waya ba sabis, ruwa ya ƙare tun azahar. Wani tsoho mai kiwon awaki ne ya tsince mu wajen la'asar, ya kai mu wata rijiya da muka wuce ta sau biyu ba mu gani ba. Abin da muka ba shi na godiya ya ninka abin da yaron ya nema da safe. Da ɗan gari akan ci gari.

Taswira ba ta san inda ƙudan zuma suka yi saƙa ba, ba ta san dutsen da mutanen wurin ke girmamawa ba a hawa, ba ta kuma jin Fulatanci, balle Kafsiki ko Fali. A daidaita kuɗin jagora tun a ƙasa, a gaban shaida, a faɗa masa ko da abinci ko babu.

Nawa za mu tanada?

Farashi na canzawa, amma inda kuɗin ke tafiya ba ya canzawa. Mota ce ke cinye rabi ko fiye: hayar mai ƙafa huɗu, da mai, da abincin direba. Shi ya sa tafiyar mutum biyu ta fi tsada a kan kowa, ta mutum biyar ko shida ta fi araha. Sai kuɗin shiga, wanda ɗan ƙasa ke biyan ƙasa da na baƙo, don haka kada a manta katin shaida. Akan kuma caji mota da kyamara daban.

Mu adashi muke yi tun daga Satumba, mu damƙa wa mutum ɗaya ya riƙe, ya rubuta komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware kashi ɗaya cikin biyar a ɓoye don faci da abin da ba a zata ba. A riƙe tsabar sefa, ƙananan takardu, don Orange Money ba ya aiki inda babu sabis, mai gyaɗa a ƙauye kuma ba shi da canjin jaka goma.

Me za a zuba a jaka?

Ruwa kafin komai, aƙalla lita huɗu ga kowane mutum a yini, da jarka ta daban a mota. Guzurinmu na gargajiya ya fi na gwangwani: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, kayan shayi. Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, malfa, tocila, gidan sauro, da rigar sanyi, don daren Janairu a kan tudu yana sa haƙora kaɗawa. Tayar safaya biyu, ba ɗaya ba.

Wace cuta ko dabba ce ta fi ba ka tsoro?

Ba zaki ba. Kububuwa ce. Kwarin Binuwai gidanta ne, ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya a gindin dutse da cikin tarin itace. Kada a fita fitsarin dare da silifa ba tocila. In ta yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da mutum a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Sunan wannan asibitin ya kamata a sani tun kafin a bar gida.

Ta biyu dorina. Mu 'yan Garwa mun saba ganinta daga gada har mun raina ta, alhali a tudu ta fi mutum gudu. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, musamman da sassafe lokacin da take dawowa daga kiwo.

Sauran na rigakafi ne. Tsando yana son baƙin tufa da shuɗi, sai a sa mai launin ƙasa. Wanka a ruwan da ba ya gudu, kamar gefen tafkin Lagdo, yana kawo tsargiya. Rani lokacin sanƙarau ne, allurarsa ba ta da wuya. Zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa kuma a je a yi gwaji, kada a ce gajiya ce.

Yaya, mu mata da yara fa? Kullum ku kaɗai kuke tafiya.

Gaskiyarki, ƙanwata, kuma laifinmu ne. In da iyali za a fita, Ngaundere nake zaɓa. Tana kan tudu, sama da mita 1,000, iskarta ba irin ta Garwa ba ce. Dutsen da garin ya ci sunansa, mai dunƙulen dutse a ka kamar cibiya, yaro ɗan shekara goma yana hawansa da safe ɗaya. Tafkin Tizon yana bayan gari, ana zagaya shi a ƙafa a ƙarƙashin inuwa. Akwai magangarar ruwa ta Vina a hanyar Maiganga, da ta Tello a hanyar Belel, wadda ake shiga bayan ruwan a tsaya cikin kogo yana zuba a gabanka. Nan kam an fi jin daɗinsu bayan damina, sa'ad da ruwan ke da ƙarfi. In an dace da Juma'a, a tsaya a ga fitowar Lamiɗo zuwa masallaci. 'Yan'uwa da ke kudu kuma jirgin ƙasan dare daga Yawunde yana sauke su da safe, sai a haɗu a can.

Chadi fa, ana iya haɗawa?

Ana iya, amma kada a haɗa ta da wata tafiya. Mafi kusa da mu tafkin Lere ne, ta hanyar Figil, wanda aka sani da ayu. Ganin ayu sai sa'a, dabba ce mai kunya, amma tafkin kansa ya isa dalili.

Zakuma kuwa sai an shirya mata mako guda. Tana kudu maso gabashin Chadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Njamena. Giwayenta sun ragu daga wajen 4,000 a 2002 zuwa ƙasa da 500 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun, daga nan kisan ya ja baya, garken ya fara haihuwa. Ita ma da damina ruwa ke rufe ta, kuma sai an kama masauki tun da wuri. Duwatsun Ennedi da ke arewa maso gabas, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, tafiyar hamada ce ta motoci aƙalla biyu da direbobin da suka san rijiyoyi. A tafi da fasfo da katin allurar shawara, a samu wanda ke jin Larabcin Chadi a cikin ayari.

Salla a hanya fa?

Tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yin ƙasaru a mazhabarmu ta Malikiyya, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Ke nan mai zuwa Binuwai ko Ngaundere daga Garwa matafiyi ne, mai hawa Tingilin kuwa sallarsa cikakkiya ce. In ruwan da ya rage na sha ne, a yi taimama. A cikin gandun daji kuma ba a tsayar da mota ko'ina a shimfiɗa darduma. A gaya wa mai bin sawu tun da safe, shi zai zaɓi fili mai sarari inda yake ganin kowane gefe, ya tsaya yana gadi har a sallame, sannan wani ya karɓe shi.