Wake Abinci Ne, Ku Daina Yi Masa Wanka Da Sniper

Kaka ta yi, sabon wake ya fara sauka a kasuwanninmu daga Illela har Achida, kuma warin nan da na tsana ya dawo. In na shiga gari yawon aikin gona, ba sai an nuna mini gidan da ake ɗurin wake ba, hanci ke kai ni. An baza wake a kan tamfol a ƙofar gida, an samu gorar ruwa an huda murfinta da ƙusa, an zuba Sniper ko fiya-fiya an cika da ruwa. Yaro ɗan makaranta ke yayyafawa, ƙaninsa na biye yana cuɗawa da hannu, ba safa ba takalmi. Maigida kuwa na kan tabarma yana cewa a ƙara ta can kusurwa. Kafin la'asar an ɗura a buhu an ɗinke.

Haba jama'a! Wannan waken fa shi ne ƙosan da yaro zai saya da safe kafin ya tafi makarantar allo. Shi ne alalen mai jego, shi ne wake da shinkafar lebura. Duk shekara sai mun ji gidan da aka ci aka kwana ana amai da gudawa, a ce sammu ne, a ce iska ce, a ce kwalara. In ka bi diddigi sai ka tarar da buhun waken a kusurwar ɗaki yana warin magani.

Na san abin da ke tura ku, don ni ma ɗan manomi ne. Mutum ya sha wahalar damina, ya ci bashin taki, ya roro wakensa, yana so ya ajiye har bazara lokacin da kuɗi ke tashi. Ƙwaro kuwa tun daga gona yake biyo waken, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya. Wata uku ko huɗu ka buɗe buhu ka ga huji da gari. Wannan asara ce mai zafi, ba na raina ta. Amma wanda ya zuba guba a abinci don tsoron ƙwaro, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, DDVP ke rubuce a jikin kwalbar. Jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san bambancin jijiyar ƙwaro da ta ɗan Adam ba. Yana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. Iyakar bayanin da zan yi ke nan, ya isa.

Amsoshinku duk na haddace su. "Malam, ai ɗan kaɗan ne." Da me ka auna? Murfin kwalba ba ma'auni ba ne. "In an wanke ya fita, wuta kuma na kashe shi." Wanki da dahuwa na iya rage wani abu, amma wa ya gaya maka abin da ya saura ba ya cutarwa? Kuma kai ka zuba, dillalin da ya saya ya ƙara nasa, mai sito a Kudu ya ƙara, kowa na zaton shi ne na farko. "Mun daɗe muna yi, ba abin da ya same mu." Ciwon kan da ke kama yaron nan duk ranar ɗuri, da jirin da yake gani, me kake kiran su?

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce "na sayarwa ne, Malam." Wato akwai buhun gida da aka keɓe ba a sa masa komai ba. Ashe ka san abin da kake yi ke nan. Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kowa ya san hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Danshin ruwa ne fa kawai a can, ina ga guba? Kuma kada ka manta, matarka ma tana aika yara sayen ƙosai a maƙwabta.

Abin nan ya riga ya ja mana abin kunya a idon duniya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, Nijar na biye mata. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu saboda wannan dichlorvos ɗin. Iyakarsu miligiram 0.01 ne a kilo guda, suka riƙa samun namu ya ninka haka sau da yawa, a 2016 kuma suka tsawaita hanin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Dokar na nan a takarda, amma ranar kasuwa za ka gan shi a faifan mai talla kusa da maganin ɓera. Waken da Bature ya ƙi karɓa ba zubar da shi ake yi ba, mu ke cinye shi.

Kwanakin nan duk majalisar da na zauna sai an tare ni da maganar irin da aka sauya wa halitta. SAMPEA 20-T, waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, an yi shi ne don ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanso, manomi ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Ga kuma masarar TELA da aka amince da ita a 2024. Wasu na so, wasu na tsoro, wasu na tambayar wa zai riƙe iri a hannunsa gobe. Tambayoyi ne masu kyau, a ci gaba da yi wa hukuma su. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da zai yi awa guda yana rantsuwa ba zai ci wannan waken da aka sauya wa halitta ba don zai kashe shi, ya tashi daga nan ya je gida ya tuttula wa nasa fiya-fiya. Kuma ku sani, shi ma wancan irin ƙwaron gona yake jurewa, bai hana ƙwaron buhu ba. Kowane iri ka shuka, ajiya na nan tana jiranka.

To me za a yi? Ƙwaro numfashi yake yi. Ka hana shi iska, ya mutu, ba ko ɗigon magani. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kan wannan dabarar yake: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ya fi buhun yau da kullum tsada, gaskiya ne, amma in ba a huda shi ba yana yin kaka biyu ko uku. A gurguje:

- A shanya wake ya bushe ƙarau, a sheƙe, a tsince.
- A duba ledojin, mai huji ko ɗaya ba ta da amfani.
- A matse iska a ɗaure kowace leda daban, sannan buhun waje.
- A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada a buɗe kafin kamar wata biyu. Ban da leƙe.
- Ba buhun? Jarka ko duro mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, a cika shi maƙil a toshe. Na gida ɗan kaɗan kuwa, a cuɗa da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano, yadda iyayenmu ke yi.

Ƙwayar Phostoxin kuma, wadda ake sa wa hatsi ta fitar da hayaƙin kashe ƙwari, ba ta ɗakin kwana ba ce. Hayaƙinta na kashe mutum yana barci. A bar wa waɗanda aka koya wa aiki da ita a sito.

Iyayena mata, ku ke da tukunya. Ku shinshina wake kafin ku biya. In kun ji warin magani ku ajiye masa abinsa, komai arha. 'Yan hujin ƙwaro ba sa kisa, a tsince a dafa. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada in sake ganin ta a hannun yaro yana shan ruwa.

In kuwa wani ya ci ko ya shaƙa, kuka ga miyau na dalala, zufa, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa, kada ku tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Akwai allurar da ke karya wannan gubar in an kai mutum da wuri. Ku tafi da kwalbar ko samfurin waken, kuma ku gaya wa likita gaskiyar abin da aka zuba.