Ɗaura Garmar Share Dusar Ƙanƙara a Tsohuwar A-kori-kura

Garmar share dusar ƙanƙara wani faffaɗan faranti ne mai lanƙwasa, na ƙarfe ko na roba mai tauri, da ake ɗaurawa a goshin mota domin ta riƙa ture ƙanƙarar da ta rufe hanya zuwa gefe. A arewacin Amurka da Kanada, inda dusar ƙanƙara kan kai gwiwa cikin dare ɗaya, hukuma ce ke share tituna da manyan motocinta, amma hanyar da ta tashi daga bakin titi zuwa ƙofar gida ko cikin gona, share ta yana wuyan mai gida. Wannan ne ya sa mutane da dama suke neman tsohuwar ƙaramar a-kori-kura mai araha su keɓe ta domin aikin hunturu. Waɗanda aka fi gani su ne Ford Ranger da aka ƙera tsakanin 1983 da 2011, da Chevrolet S-10 ta 1982 zuwa 2004, da ƙaramar Toyota, wadda ita ce Hilux ɗin da aka sani a ƙasar Hausa, kafin Tacoma ta maye gurbinta a kasuwar Amurka a 1995.

Ba yau aka fara sa ƙananan motoci wannan aiki ba. Kamfanin Fisher, wanda aka kafa a garin Rockland na jihar Maine a 1948, ya fara ne da ƙera garma domin motar Jeep, kuma har yanzu yana cikin sanannun masu ƙerawa tare da Meyer da Western da Boss.

Nauyi a kan gatarin gaba

Duk abin da za a ce game da wannan aiki yana komawa ne ga nauyi. A jikin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da masana'anta suka liƙa, wadda ta faɗi iyakar nauyin da gatarin gaba zai iya ɗauka, kuma a ƙaramar mota injin da direba sun riga sun cinye mafi yawan wannan kason tun kafin a ɗaura komai. Garmar ƙarfe irin ta 'yan kwangila, mai faɗin mita 2 da rabi, ta kan haura kilo 300, alhali garmar da aka ƙera musamman domin ƙananan motoci, mai faɗin mita 2 ko ɗan fiye, ba ta cika wuce kilo 150 ba. Ƙari ga haka, garma ba a kan tayoyi take zaune ba, tana can gaba da bamba, don haka tana danne gaban motar fiye da ainihin nauyinta, tana kuma ɗage bayanta. Wanda ya ga irin wannan mota an ɗaga mata garmar da ta fi ƙarfinta ba zai manta ba: goshinta ya durƙusa, fitilu suna haska ƙasa, tayoyin baya kuma suna juyawa a banza a kan santsi.

Maganin ɗagewar baya shi ne jera buhunan yashi a bodi, a bayan gatarin baya daf da murfin baya, a ɗaure su tam don kada su zame idan an taka birki. A gaba kuma ana ƙara wasu robobi masu tauri da ke taimaka wa sifirin, ko a ɗan ƙara matse sandunan murɗa da ke riƙe gaban S-10 da tsofaffin Toyota. Sai dai ya kamata a sani cewa waɗannan gyare-gyare tsayin motar kawai suke maidowa, ba su ƙara wa gatari ko birki ƙarfin da ba a ƙera su da shi ba.

Kafin ma a sayi garma, shasin motar ake fara dubawa, domin a jikinsa ake ɗaure ƙarfen da ke riƙe ta, kuma shi ne ke shan duk wani karo. Gishirin da ake watsawa a titunan waɗannan yankuna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ciki, har ta kai ga a 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin tsatsar shasi a kan Tacoma na 1995 zuwa 2000, ya kuma sayi waɗanda suka lalace daga hannun masu su. Bakanike yakan kwanta ƙarƙashin motar da guduma yana ƙwanƙwasa shasin: inda ya yi ƙara mai kaifi, ƙarfe na nan, inda ya yi ɓus ko ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska, to wurin ya ruɓe. Motar da shasinta ya kai haka ba ta cancanci a kashe mata kuɗin garma ba, komai lafiyar injinta.

Wuta da zafi

Mafi yawan garmunan zamani famfon mai ne ke ɗaga su ya karkata su dama ko hagu, kuma wutar batir ce ke tuƙa famfon. Kowace ɗagawa tana jan wuta fiye da abin da altanetar tsohuwar mota ke bayarwa, shi ya sa ake ganin fitilu suna dushewa duk lokacin da direba ya taɓa maɓalli. Ana magance wannan da babban batir mai jure sanyi, da altaneta mafi ƙarfi, da wayoyi masu kauri. Tunda garmar kan tare fitilun motar, ana ɗora wasu fitilu a samanta, tare da fitila mai ruwan ɗorawa mai walƙiya a rufin mota.

Abin mamaki ga wanda bai saba ba shi ne, zafi ne ke kashe waɗannan motoci a tsakiyar hunturu. Garmar da aka ɗaga tana tare iskar da ke zuwa lagireto, sannan tura kaya mai nauyi a hankali, gaba da ribas sau ɗaruruwa, yana dafa man giyabos mai sarrafa kansa. Don haka ƙarin na'urar sanyaya man giya wajibi ne, haka ma tsayawa cak kafin a sauya daga gaba zuwa ribas. A mota mai giyar hannu kuwa, kuloci ne ke shan wahala, kuma ƙaramar giya ta ja da tayoyi huɗu ita ce ke sauƙaƙa masa. Motar da tayoyin baya kaɗai ke janta ba ta dace da aikin ba. Tayoyin hunturu, masu tambarin tsauni da ƙwayar ƙanƙara a gefensu, sun fi kama ƙasa, musamman ma sirara waɗanda ke nutsewa su tarar da kwalta.

Yadda ake aiki da ita

Kamfanin Western yana gargaɗin kada a wuce kilomita 16 a awa yayin sharewa, ko 72 yayin tafiya da garma a ɗage. Ko da yake an yi wa garma sifirin da ke barin ta ta kife gaba idan ta ci karo da dutse ko murfin kwalbati, a irin ta Fisher kuma leɓen ƙasa kaɗai ke lanƙwashewa, ragowar bugun yana shiga shasi ne kai tsaye. Shi ya sa masu gida suke kafa sanduna masu launi a gefen hanyarsu tun kafin ƙasa ta daskare. Ƙaramar mota ba ta jiran ƙanƙara ta gama zuba: ana fita da ita duk lokacin da ta taru kamar tsawon yatsa ko tafin hannu, domin jiƙaƙƙiyar dusa ta ninka busasshiya nauyi sau da yawa, kuma tulin farko ana tura shi can nesa da bakin hanya saboda a bar wa na watan Fabrairu wuri.