Kauɗa da busassun kayan miya a ƙasar Sakkwato

Kauɗa ita ce tumatir da aka yanka aka shanya a rana har ya bushe, domin a ajiye shi zuwa lokacin da ɗanye zai yi wuya. A ƙasar Sakkwato tumatir amfanin rani ne. Ana noma shi a fadamun Gulbin Rima da gonakin ban ruwa na Goronyo da Wurno, yana kuma cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris. Da damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, sai ya yi ƙaranci ya yi tsada, saboda shukar ba ta jure yawan ruwa da cututtukan ganye. A wannan tsakanin kauɗa ke riƙe tukunya.

Nau'i mai tsoka, irin su UTC da Roma, shi ya fi dacewa. Ana zaɓen nunanne wanda bai fara ruɓewa ba, a wanke, a tsaga biyu ko huɗu, a jera bisa tabarma, cikin yana kallon sama. Da iskar hunturu yakan bushe cikin mako guda ko ƙasa da haka. Kusan kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne, shi ya sa babban kwando ke komawa 'yan mudu kaɗan.

Ɓarnar takan faru a wuri biyu. Na farko shi ne shanya a kan ƙasa tsirara ko gefen kwalta, wadda ta zama ruwan dare: tana cika tumatirin da yashi da kashin dabbobi, wanki kuwa ba ya fitar da su duka. Na biyu shi ne gaggawar zubawa a buhu da sauran danshi: sai ya yi baƙi, ya yi hunhuna, miyarsa ta yi ɗaci. Wanda ya bushe sosai yana ƙara idan an motsa shi. Buhun kuma a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa.

Wajen girki ana jiƙa kauɗa a ruwan zafi, a tsame a bar yashin a ƙasan kwano, a niƙa da albasa da tattasai da tarugu. 'Yar kanwa kaɗan tana kashe tsaminta.

Ganye kamar zogale da kuka da sure (yakuwa kenan a Sakkwatanci) inuwa suke so wajen shanya, don rana tana cinye musu launi. Lawashin albasa kuwa dakawa ake yi, a dunƙula, a shanya. Shi ne gabu.